Uwar Adashin Maki

Kakan Ummulkhairi da ƙafa ya zo Makka. Daga wani ƙauye na ƙasar Katsina ya taso, shi da matarsa da jaki guda, suka bi ta Barno da Wadai, suka tsaya cirar auduga a Sudan har kuɗin jirgin ruwa ya haɗu, sannan suka ƙetare daga Sawakin zuwa Jidda. Niyyarsa ya sauke farali ya koma gida tun ba a manta da shi ba. Bai koma ba. A Makka ya haifi 'ya'yansa, a nan aka binne shi. Ɗansa Malam Rabe, mahaifin Ummulkhairi, ya rayu ya mutu bai taɓa ganin ƙauyen da yake ambata ba duk sa'ad da aka tambaye shi asalinsa.

Malam Rabe mai tsire ne a Utaibiyya, a zamanin da mota ba ta shiga lungunan unguwar, ana kuma gane gidan Hausawa da ƙarar turmi tun daga bakin titi. Ummulkhairi ta tashi tana daka masa ƙuli-ƙuli da yaji. A gida Hausa ake yi, irin ta Katsina wadda kaka ta zo da ita, a makaranta da kasuwa kuwa Larabci. Da ta isa aure ta auri Tsoho, direban bas mai jigila tsakanin Makka da Jidda, suka koma Rusaifa lokacin da filaye suka fi gidaje yawa a can. 'Ya ɗaya Allah ya bar musu, Abir. Da Tsoho ya rasu, 'yan'uwa suka ce ta dawo Utaibiyya, ta yi godiya ta ƙi. Sai ta kama ɗakin ƙasa na benen da suke haya, ta girka manyan tukwane, ta shiga dafa abincin biki da na suna. Idan hajji ya zo, wani ɗan kwangila mai suna Hamad, wanda ke ciyar da wasu tantunan alhazan Afirka ta Yamma a Mina da Arfa, yakan ba ta aikin tuwon shinkafa da miya, don ya lura alhazan ba su barin ko loma a faranti idan ita ta tuƙa. Mace ce mai faɗin kafaɗa, marar yawan magana, wadda in ta ce abinci zai iso bayan azahar, to bayan azahar zai iso.

Katin banki ba ra'ayinta ba ne. Abir ce ta matsa mata, bayan ta fara aiki a wani kantin magani, ta ce bai kamata mace mai sayen buhunan shinkafa ta riƙa yawo da kuɗi a ƙulle a gefen mayafi ba. Ummulkhairi ba ta amsa ba sai da ta aika aka tambayi limamin masallacin lungunsu. Daga abin da ya faɗa ta kafa wa kanta doka guda: abin da ta saya da katin ba zai kwana a kanta ba, in ta saya da safe ta biya kafin dare. Haka ta yi ta yi, ba ta ma san bankin yana tara mata wani abu ba. Sai wata rana Abir ta nuna mata a waya, ta ce ga maki nan ya taru, duk sayayyar da aka yi da katin ana ba da ɗan tukuici, kuma ana iya juya shi a karɓi kaya ko tikitin jirgi.

A wannan shekarar ne mahaifiyar wata maƙwabciyarsu ta kwanta ciwo a Kano, tikiti kuma ya yi tsada. Ummulkhairi ta ce Abir ta duba ko makin nan zai yi wani abu. Ya kusa kaiwa, aka cika da ɗan abin da ke hannu, matar ta tafi ta sami uwarta da rai. Bayan ta dawo, matan lungu suka zauna a ɗakin Ummulkhairi ranar Juma'a bayan la'asar, kamar yadda suka saba, ana shan shayi da na'ana'a ana cin masa, sai maganar ta juya ta zama shawara. Kowace mace tana sayen sukari da mai da kayan makaranta da kuɗin hannu, ba wanda ke ba ta tukuici. To me zai hana duk su riƙa kawo kuɗinsu wurin Ummulkhairi, ita ta saya musu da katinta, makin ya taru wuri guda, duk sa'ad da ya isa tikiti a ba wa mace ɗaya ta je ta ga danginta? Kowa ta san adashi tun daga uwarta. Wannan kuwa adashi ne da ba a zuba ko riyal, kayanki za ki saya ki ɗauka ki tafi da su. Aka tsara wadda za ta fara kwasa da wadda za ta bi ta, ba a rubuta ba, don babu wadda za ta manta ranarta. Ummulkhairi ta zama uwar adashi ba tare da ta nema ba.

Aka yi shekaru a haka. Kusan kowace shekara mace ɗaya takan tafi, wata Kano, wata Maraɗi, wata Sakkwato, ta dawo da kuka da daddawa da labarin wanda ya mutu da wanda aka haifa. Har aka zo kan ta ƙarshe, Hure.

Hure ta girme su duka. Ba a Makka aka haife ta ba. Tana amarya mijinta ya zo da ita ta Chadi, ya yi dako har ƙarfinsa ya ƙare, ya rasu ya bar ta da ɗa guda mai aikin gadi. Ita kuma tana soya gyaɗa, tana haɗa zoɓo da kunun aya, ana zuwa gida ana saye. Sayayyarta ba ta wuce sukari da robobi da gas, don haka makin da ke fitowa ta hannunta kaɗan ne, kuma ta sani. Sau biyu ranarta tana zuwa tana bayarwa. Ta farko ta bar wa wadda aka yi wa rasuwa. Ta biyu ta bar wa Jawahir, mai sayar da atamfa da turare, wadda 'yarta ta haihu a Sudan haihuwar fari. Kowane karo sai ta ce ita ba gaggawa take ba, Anjamena ba za ta gudu ba.

A Anjamena yayarta Rabi'atu take, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma rabonsu da juna tun Hure tana amarya. Sukan yi waya. Amma a cikin azumin bana ɗan Rabi'atu ya gaya wa Hure cewa idon tsohuwar ɗaya ya riga ya tafi, ɗayan kuma yana bin sa, likita ya ce irin ciwon da ba ya warkewa ne. Hure ta zo ɗakin girki ta sami Ummulkhairi tana yanka albasa, ta zauna a kan kujerar roba. Ta ce wannan karon ba za ta ba kowa ba, tana so Rabi'atu ta gan ta da idonta. Ummulkhairi ta ce makin ya yi nisa, da sayayyar hajji za a cika, in alhazai sun watse ta shirya jakarta.

Ummulkhairi ba ta karanta saƙonnin banki. Suna da yawa, yau a ce ta sayi mota, gobe a ce ta ɗauki rance. Bayan ƙaramar salla da kwanaki, Abir ta ɗauki wayar uwarta don ta biya kuɗin wuta, sai ta ga wani saƙo da ya kwana biyu a ciki. Ta karanta, ta sake karantawa, ta sauko ɗakin girki da wayar a hannu. Abir ta fi sakewa da Larabci, amma in magana ta yi nauyi takan koma Hausa, don ta san da ita uwarta ke jin abu har zuci.

"Ummi, ajiye ludayin nan. Bankinki zai rage maki."

Ta yi mata bayani dalla-dalla. Daga farkon watan gobe na bature, wanda zai faɗo kafin Shawwal ya ƙare, makin da ke sayen tikiti guda sai an ninka shi kafin ya saya. Sayayyar da ake yi a shagunan sari kuma, inda Ummulkhairi ke ɗauko shinkafa da mai, ba za ta ƙara kawo abin kirki ba. Wanda ya juya makinsa kafin ranar, a tsohon farashi za a yi masa. Bankin ya ce mai kati yana iya karɓar takardun sayayya na manyan kantuna da makinsa, ko ya tura shi asusun kamfanin jirgin sama, ko ya koma wani katin da ke mayar da ɗan kuɗi maimakon maki, ko ya rufe katin baki ɗaya ba tare da an caje shi ba. Ummulkhairi ta tambayi abu ɗaya, ko abin da ke ciki yanzu ya isa Anjamena zuwa da dawowa. Abir ta ce bai isa ba, da sauran tafiya, kuma abin da zai cike giɓin shi ne sayayyar hajji, wadda ba a yin ta sai Zulƙida ya yi nisa.

Ranar Juma'a ɗakin ya cika. Da Abir ta gama bayani, sai Jawahir ta gyara zama. Ita 'yar kasuwa ce, ba ta son ganin abu yana narkewa a hannu. Ta ce tun da tikiti ba zai samu ba, hikima ita ce a karɓi takardun kantunan nan tun makin yana da daraja, a raba, kowa ta sayi abin gida, Hure a ba ta kaso biyu. Wasu suka gyaɗa kai. Hure ma ta ce hakan ya yi, dama ita nata zubin bai taka kara ya karya ba, kada a wahalar da kowa saboda ita. Tana faɗa tana kallon kofin shayinta.

Ummulkhairi ta ce, "Jawahir, a ina kika taɓa ganin an watse adashi da sauran mai kwasa?"

"Ummu Abir, ba mu muka watse shi ba, banki ne."

"Banki bai san Yaya Hure ba. Mu muka san ta. Ke da kika je kika ga jikanki, ranar wa kika hau?"

Jawahir ta ce ba sai an yi mata gori ba, ta san ranar wa ta hau, amma gori ba ya sayen tikiti, in akwai dabara a faɗa. Ummulkhairi ta ce dabarar ita ce sayayyar Zulƙida a yi ta yanzu, a cikin Shawwal, kafin ranar bankin ta zo. Sai aka fara kawo mata matsaloli, ita ma ta san su. Na farko, kuɗin shinkafar hajji Hamad ne ke ba da rabinsa, kuma ba ya bayarwa sai Zulƙida. Ita kuwa ba za ta saya da kati ta bar shi ya kwana a kanta ba, ko don Hure. Na biyu, dalilin da ya sa take jinkirta sayayya kowace shekara shi ne ba ta da wurin ajiya. Ɗakin girkinta tukwane sun cinye shi. Abir ta ƙara na uku, ta ce makin ba ya shiga nan take, yakan ɗauki kwanaki, don haka ranarsu ta gaskiya ta fi ranar bankin kusa.

Washegari Ummulkhairi ta sa abayarta ta je ofishin Hamad. Shi ma jikan Hausawa ne, mahaifinsa abokin Malam Rabe ne, amma Hausarsa ta tsaya a gaisuwa da sunayen abinci. Ya sa aka kawo mata gahawa da dabino, ya saurare ta har ta gama, sannan ya yi dariya har yana riƙe ciki. Ya ce shi ya ga masu neman kuɗi da wuri saboda haya, ya ga masu nema saboda asibiti, amma bai taɓa ganin mai nema don ta riga banki ba. Ta ce yau ya gani. Ya ce shi ma ba a biya shi ba tukuna, kamfanin alhazai sai ya ga dama yake sakin kuɗi. Ta ce ta sani, amma shinkafa a Shawwal ta fi sauƙi a kan ta Zulƙida, abin da aka rage kuma za ta bar masa. A nan ya daina dariya ya ɗauki biro. A ƙarshe ya ba ta wani abu, bai kai rabin da ya saba ba, ya kuma ce in shinkafar ta lalace a hannunta, ita ta sani. Ta ce ta ji.

Abin da Hamad ya bayar ya rage giɓin, bai rufe shi ba. Sauran sai daga lungu. Ummulkhairi ba ta roƙi kowa ba, ta dai ce duk wadda ta san akwai abin da za ta saya nan da wata biyu, kuma kuɗin yana hannu, ta kawo shi yanzu, wadda ba ta da shi kada ta ci bashi. Wata ta kawo kuɗin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki da take niyyar saye in zafi ya tsananta. Wata ta sayi tayoyin motar mijinta. Wata ta ɗauko sabulu da man girki na watanni. Jawahir ba ta zo ba sai da aka kwana uku. Ta shigo ɗakin girki tana fifita da gefen mayafi, ta dire jaka a kan buhun albasa, ta ce kuɗin firiji da injin wanki da gadon auren ƙaramar 'yarta Wafa ne, bikin sai bayan hajji, kuma ita ba ta san inda za ta ajiye gado wata biyu ba, sai dai ta kwana a kansa ita da maigidan su tsufar da shi. Ta ce kuma a gaya wa Yaya Hure ta taho mata da kilishin Anjamena, in ba haka ba kada ta dawo.

Ranar da motar 'yan sari ta tsaya a bakin lungu, direban ya tambayi ina ne sito. Aka ce masa babu sito, ya bi su kawai. Buhu biyu gidan wannan, uku gidan waccan, galan-galan na mai a ƙarƙashin gadaje, garin shinkafa a saman kabad. Mazan gidajen wasu suka taya ɗauka, wasu suka tsaya suna tambaya yaushe falonsu ya zama kasuwa. Wani tsoho ya ce shi yanzu in zai yi sallar walha sai ya nemi izinin buhu. Hure ta karɓi buhunan da suka fi ƙarfin ɗakinta, ta jingine katifarta a bango da rana. Ita ce kuma ta ce zafin Makka zai kawo ƙwari cikin shinkafar in aka bar ta haka. Ta sa ɗanta ya karyo mata ganyen darbejiya daga itatuwan bakin titi, ta shanya shi a inuwa, ta bi gida gida tana cusa shi tsakanin buhuna kamar yadda ake yi wa rumbu. 'Yan matan lungu suna toshe hanci suna cewa ɗaci, ita ko a jikinta.

Kowace safiya Abir takan duba wayar kafin ta tafi aiki, ta ce wa uwarta ya ƙaru, ko ta ce bai shiga ba tukuna. Sayayyar Jawahir ce ta tsaya. Kantin ya cire kuɗin, kaya sun iso, amma makin shiru. Abir ta kira bankin, aka ce ta jira. Ta sake kira, aka ce kantin ne bai rufe cinikin ba. Ummulkhairi da kanta ta je kantin, ta zauna a kan wata kujerar sayarwa a gaban teburin manaja, ta ce ba faɗa ta zo yi ba, za ta dai zauna har ya gama abin da ya rage. Ya ce hajiya abin ba a hannunsa yake ba. Ta ce ba kome, ita ma yau ba ta da biki. Kafin la'asar ya gano a hannun wa yake. Bayan kwana biyu makin ya shiga, ana saura ƙiris ranar ta cika. Abir ta tura shi duka asusun kamfanin jirgi, ta yanki tikiti da sunan Hure, zuwa da dawowa, a cikin Muharram. Kuɗin harajin filin jirgi, wanda maki ba ya biya, ɗan Hure ya ce nasa ne, kada kowa ya sa masa hannu, shi ne kuma ya yi zirga-zirgar takardar fita da dawowa.

Abin bai tafi lafiya ƙalau ba. A wani gida ruwan mukayyif ya yi ta ɗiga a bayan labule ba wanda ya lura, ya jiƙa buhu biyu, kafin a gane sun yi baƙi sun yi wari. Matar gidan ta zo tana hawaye, ta ce za ta biya. Ummulkhairi ta ce shinkafarta ce, ita ta kai ta, ita ta ce wa Hamad ta ji. Ta sayi wasu a farashin Zulƙida, ribarta ta hajjin bana ta ragu sosai, ba ta kuma sake tayar da maganar ba. Sauran buhunan suka fito lafiya, ba ƙwaro ko ɗaya. Aka yi hajji cikin zafi mai tsanani. Ta yi kwanakinta a bakin tukunya tana tuƙa tuwo, motocin Hamad suna kwasa zuwa Arfa da Mina, har muryarta ta dishe.

Da alhazai suka watse aka sake zama ranar Juma'a, don a san makomar adashin. Kowa ta kwasa, ba wadda ke bin wata. Abir ta ce a sabon tsarin sai a yi shekara biyu ko fi kafin tikiti ɗaya ya haɗu. Ta duba wasu bankunan, akwai mai maki mafi kyau, amma kuɗin katinsa na shekara ya yi yawa, kuma ba wanda ya san ranar da shi ma zai aiko da nasa saƙon. Wasu suka ce a bar abin haka, ya yi albarka. Ummulkhairi ta ce ita ta koma katin da ke mayar da ɗan kuɗi, don kuɗi in ya shigo hannu ba mai aiko da saƙo ya ce ya zama rabi. Abin da ya dawo kowane wata za a ajiye shi gefe, kowa ta ɗora ɗan abin da ta iya a kai, a sake zagaye. Tafiyar za ta yi jinkiri, amma za a yi ta. Mata biyu suka janye, ba a yi musu ƙorafi ba. Wasu uku daga lungun baya, waɗanda suka ga ranar buhuna, suka ce a sa da su. Jawahir ta ce a wannan zagayen a sa ta a ƙarshe, amma a shaida ita ba Yaya Hure ba ce, ranarta ba ta kyauta ba ce.

Hure ta tashi daga Jidda a cikin Muharram, da akwati guda da ruwan zamzam da dabino da turaren da Jawahir ta cusa mata. Ba ta taɓa hawa jirgin sama ba, ta ƙasa da ruwa aka zo da ita. Ummulkhairi ta raka ta har inda ake tsayar da masu rakiya, ta ce wa wata ma'aikaciya ta kula da ita, ta dawo Rusaifa ta ɗora tukunyar wani suna.

Kwana biyu ba labari sai saƙon ɗan Rabi'atu cewa ta sauka lafiya. A rana ta uku da hantsi, Ummulkhairi tana tsame nama, wayarta ta yi ƙara. Hure ce, muryarta a sama kamar mai magana da wanda ke ƙetaren kogi. Ta ce da ta isa magariba ta yi, Rabi'atu ba ta iya ganin kome a hasken fitila, sai ta shafa fuskarta kawai suka yi kuka. Da gari ya waye, rana ta fito sosai, Rabi'atu ta ja ta zuwa tsakar gida, ta tsayar da ita inda hasken ya fi ƙarfi, ta sa ta cire mayafi, ta matso da idon da ya rage har numfashinsu yana haɗuwa, ta daɗe tana kallo.

Ummulkhairi ta ajiye matsamin. Ta ce, "To, ta gan ki, Yaya?"

"Ta gan ni, Khairi. Ta ce na tsufa, na koma Innarmu sak, har haƙorin da Inna ta rasa shi na rasa. Wai kuma kunnuwana sun ƙara girma."

Sai aka ji muryar Rabi'atu daga nesa tana cewa a ba ta wayar, tana so ta gaisa da mai shinkafa. Ummulkhairi ta rage wutar tukunya, ta jawo kujerar roba ta zauna.